Lissafi da Alhaki: Matsayin Kwamfuta a Rabon Magani

A ƙasashen da sanƙarau ke ziyarta duk shekara, daga Senegal har zuwa Habasha, akwai lambobi biyu da ma'aikatan kiwon lafiya ke sa wa ido tun daga shigowar hunturu har faɗuwar ruwan farko. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, idan aka samu mutum 3 da ake zaton sun kamu cikin mutum 100,000 a mako guda, to gunduma ta shiga halin faɗakarwa. Idan adadin ya kai 10, an shiga annoba ke nan, kuma daga nan ne ake shirya babban rigakafi da alluran rumbun ajiya na duniya, wanda aka kafa a 1997 bayan annobar 1996 da ta kama sama da mutum 250,000, ta kashe kimanin 25,000. Gundumar da ta tsaya a 8 ko 9 sai ta dakata. Uwar da ɗanta ke cikin waɗannan taran ba ta san da wata lamba ba, balle ta san wanda ya yanke ta, amma lambar tana da hannu a makomar sauran ƴaƴanta.

A yau irin waɗannan lambobi sun yawaita, kuma kwamfuta ce ke fitar da mafi yawansu. Rahoton gidajen likita da a da ake ɗaurewa a bayan babur a kai babban garin gunduma, yanzu ana shigar da shi cikin manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa, kuma ƙasashe fiye da 70 ke aiki da ita, har da Nijar da Najeriya. Daga waɗannan bayanai ake hasashen inda cuta za ta ɓulla, da yawan maganin da za a aika, da yaran da za a fara kai wa. Shin ya dace a bar lissafi ya raba abin da bai isa kowa ba, alhali rai ne ya rataya a kan abin da ake rabawa? In kuma lissafin ya kuskure, wa ke ɗauke da alhaki?

Tsohuwar gardama

Abin da masana ke kira ƙirar lissafi taƙaitaccen hoton duniya ne da aka zana da lambobi: mutum nawa ne a gari, nawa suka kamu, kowane mai ciwo mutum nawa yake shafa wa, me zai faru in an rage wannan ko an ƙara wancan. Manomin da ya dubi rumbunsa bayan girbi, ya ƙidaya bakunan gidansa, ya ce dame kaza zai kai su watan kaza, shi ma ƙira ya yi, sai dai tasa a ka take. Kwamfuta ta ƙara wa aikin sauri da faɗi, amma asalinsa yana nan yadda yake.

Gardamar ma ta girmi kwamfuta da ƙarni biyu. A 1760, masanin lissafi Daniel Bernoulli ya gabatar wa majalisar masana kimiyya ta Paris lissafinsa a kan agana. A lokacin ana rigakafinta ne ta hanyar sa wa mai lafiya ɗan ruwan ƙurjin mai ciwo, kuma wasu kan mutu a sanadin hakan. Bernoulli ya nuna cewa in aka yi wa kowa, matsakaicin tsawon rai zai ƙaru da kimanin shekara 3. D'Alembert ya mayar masa da martani a wannan shekarar, ya ce ribar shekara 3 ta ƙasa ce baki ɗaya, amma mutum guda abin da ke gabansa shi ne haɗarin mutuwa cikin wata ɗaya, a kan wasu shekaru da ba zai more su ba sai can wajen tsufa. Bai ƙi rigakafin ba. Abin da ya ƙi shi ne a ɗauka cewa amfanin jama'a da amfanin mutum ɗaya abu guda ne don kawai lamba guda ta haɗa su. Duk wata gardama ta yau a kan kwamfuta da magani tana da jijiya a nan.

Ƙasar Hausa kanta tana da matsayi a wannan tarihi. Daga 1969 zuwa 1976, OMS da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban bincike a ƙauyukan Garki, da ke cikin jahar Jigawa a yau, kudu da Damagaram. An yi feshin maganin sauro a ɗakuna, an raba maganin masassara ga jama'a, an riƙa ɗibar jininsu ana aunawa, an kuma gina ƙirar lissafi ta yaɗuwar cutar wadda masana ke komawa gare ta har yanzu. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina aikin ta dawo. Darasin ya yi wa duniya amfani, domin ya nuna cewa a irin wannan yanki feshi da magani kaɗai ba su isa su kawar da masassara ba. Jinin manoman Garki ne ya zama lambobin da aka koyi wannan darasi da su, kuma ya kamata a riƙa tunawa da hakan duk lokacin da ake maganar wa ke bayarwa, wa ke amfana.

Hujjar masu lissafi

Lalle mai adalci ba zai fara da zargin lissafi ba, domin ƙin ƙidaya ma zaɓi ne, kuma an san waɗanda ke cin ribarsa. Inda babu alƙaluma, magani kan tsaya a garin da ke bakin kwalta, a unguwar da ke da mai faɗa a ji, a hannun wanda ya san wani. Ƙauyen da ke nesa da idon hukuma ba shi da mai magana da yawunsa sai lamba, in an rubuta ta daidai. Ta wannan fuska, ƙidaya wani nau'i ne na adalci ga marar gata.

Akwai kuma abin nunawa. A 2012 OMS ta ba da shawarar a riƙa ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin masassara sau ɗaya a wata a lokacin damina, a yankunan da mafi yawan ciwon ke taruwa cikin watanni kaɗan. Taswirar ruwan sama da alƙaluman gidajen likita ne suka nuna inda dabarar za ta yi aiki, wato Sahel, kuma Nijar ta fara a 2013. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma da ƙirar lissafi aka tantance rabon da gidan sauro da abinci mai gina jiki da saurin kai yaro likita kowanne ya taka. A Burkina Faso, tun 2014 ƙungiyar Terre des hommes da ma'aikatar lafiya suka yaɗa kwamfutar hannu da ke bin malamin asibiti mataki mataki yayin duba yaro, tana tuna masa ya ƙidaya numfashi, ya duba alamun haɗari, ya auna magani bisa nauyi. A ƙasar da likita guda ke da dubban mutane a wuyansa, wanda ya raina irin wannan taimako bai taɓa tsayawa a layin awo ranar kasuwa ba.

Saboda haka ba a kan amfanin lissafi ake jayayya ba. Abin dubawa shi ne iyakarsa, kuma iyakokin huɗu ne.

Lissafi ba ya ganin abin da ba a ba shi ba

Maraɗi ta san wannan da jikinta. Bayan daminar 2004, da fari da farin ɗango, tsare-tsaren faɗakarwa sun auna haɗari musamman da giɓin hatsi, suka maida hankali ga yankunan da noma ya gaza. Kudancin Maraɗi kuwa rumbun ƙasa ne, don haka a bisa takarda ba shi ne abin tsoro ba. Amma a 2005 ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, kuma mafi yawansu daga jahar Maraɗi suka fito. Hatsi yana kasuwa, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin magidancin da gonarsa ta ƙanƙance, wanda ya sayar da amfaninsa da arha lokacin kaka don biyan bashi, ya dawo saye da tsada a tsakiyar damina. Lissafin bai yi ƙarya a kan tan nawa aka girbe ba. Tambayar da aka ba shi ce ba ta dace ba: an tambaye shi yawan hatsi, alhali abin da ya kamata a sani shi ne wa ke iya saye.

Matsalar ta fi haka zurfi. Wani rahoton OMS na 2021 ya nuna cewa a Afirka mutuwa 1 kawai cikin 10 ake yi wa rajista. Jaririn da ya rasu a rugga kafin suna, da matar da ta cika a kan amalanke kafin a kai gidan likita, ba su shiga kowace manhaja ba. Makiyayin da ke bin ruwa da ciyawa ba shi da gunduma guda da za ta ƙidaya shi. Wani lokaci rahoto kan nuna an yi wa yara fiye da 100 cikin 100 rigakafi, abin da ke nufin ba a san ainihin yawan yaran ba. Kwamfuta na karɓar wannan duka ta fitar da taswira mai kyawun launi, kuma kyawun taswirar kan sa a manta da ramukan da ke ƙarƙashinta. Waɗanda ba a ƙidaya ba su ne galibi mafi buƙata, don haka kuskuren ba ya faɗawa kan kowa daidai, kan talaka yake faɗawa.

Haka abin yake ga na'urar da aka horar a wani wuri. A ƙasar Tailan an gwada wata manhajar kamfanin Google mai gano lahanin ciwon suga a ido cikin gidajen likita 11. A ɗakin bincike ta yi fice, amma rahoton 2020 ya nuna ta ƙi karɓar kusan kashi 1 cikin 5 na hotunan, saboda hasken ɗakunan bai kai wanda ta saba da shi ba, ga kuma jinkirin intanet. Duk da haka, fasaha na iya gyara makantar fasaha: daga 2012, a yaƙin shan inna a arewacin Najeriya, hotunan tauraron ɗan Adam sun fito da ƙauyuka da ba sa cikin taswirar hannu da masu rigakafi ke bi, kuma a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. An yi nasara a can ne domin wasu sun fara da zaton cewa akwai waɗanda aka tsallake.

A cikin lamba akwai hukunci

Iyaka ta biyu ta fi ɓoyuwa. A 1993 Bankin Duniya ya yaɗa wani ma'auni da ke haɗa mutuwa da naƙasa cikin lamba guda, wato shekarun lafiya da cuta ta cinye, domin a kwatanta wace jinya ta fi riba a kan kuɗi kaza. A sigarsa ta farko, shekarar saurayi mai kimanin 25 ta fi ta jariri da ta tsoho nauyi, kuma shekarar da za a ceta nan gaba ba ta kai ta bana daraja ba. Wannan ba binciken kimiyya ya gano shi ba. Ra'ayi ne game da darajar mutum, wanda aka saka cikin lissafi har ya yi kama da gaskiyar da ba ta da mai ita. Bayan doguwar suka, an cire waɗannan nauye-nauye a lissafin 2010. Al'ummar da ke ɗaukar dattijo a matsayin taskar gida ba a taɓa tambayarta ba, ko da aka sa ko da aka cire.

Lambar 10 ta sanƙarau ma haka take. In aka sauke ta, za a ɓata allurai a wuraren da annoba ba za ta tashi ba, wasu su rasa. In aka ɗaga ta, za a makara. Inda za a tsaya tsakanin waɗannan asarori biyu shawara ce ta mutane, kuma mutane ke iya canza ta, kamar yadda OMS ta sauke lambar faɗakarwa daga 5 zuwa 3 a 2014. Ba aibi ba ne lissafi ya ƙunshi hukunci, domin ba makawa sai ya ƙunsa. Aibin shi ne a ɓoye hukuncin, a ce wa jama'a na'ura ce ta faɗa.

Wa ke amsawa?

Daga nan iyaka ta uku ta fito. A al'adar Hausa, wanda aka damƙa wa rabo yana da fuska da suna. Ana iya zuwa ƙofar gidansa, ana iya kai ƙararsa gaban mai gari, kuma kunyar idon jama'a na tsare shi. Idan rabo ya koma hannun manhaja, alhakin kan warwatse: wanda ya rubuta ta yana wata nahiya, wanda ya biya kuɗinta ya tafi da ƙarewar shiri, wanda ya shigar da bayanai ya bi umarni ne, malamin asibiti kuma ya bi allo. Kowa ya taɓa, ba wanda ya riƙe. Malamin da idonsa ya gaya masa yaro na cikin haɗari, allo kuma ya ce a sallame shi, yana tsakanin abu biyu: in ya saɓa wa allo aka samu matsala, laifinsa a rubuce yake, in ya bi allo yaron ya rasu, ba mai tuhumarsa. Tsarin da ya sa bin na'ura ya fi bin lamiri aminci ga ma'aikaci ya riga ya koya masa sakin alhaki, ko da ba wanda ya nufi haka.

Masu hasashe ma suna da nasu nauyi. A watan Satumba na 2014, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce in ba a ɗauki mataki ba, masu Ebola a Laberiya da Saliyo za su iya kai miliyan 1.4 kafin ƙarshen Janairun 2015. A ƙarshe, adadin da aka rubuta a ƙasashen biyu da Gini ya tsaya wajen 28,600, mutum kimanin 11,300 suka rasu. Masu kare hasashen sun ce sharaɗinsa a fili yake, kuma tsoron da ya tayar ya taimaka wajen kawo agaji. Masu suka sun ce bai yi la'akari da cewa mutane na canza hali ba, kamar yadda al'ummomin suka sauya yadda suke jinya da jana'iza. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma akwai bashin da ke kan mai lissafi ko ta yaya: ya faɗi sharaɗinsa da ƙarfin muryar da ya faɗi lambarsa, domin lamba ta fi sharaɗi saurin tafiya, kuma jama'ar da aka tsorata sau biyu a banza ba za ta saurara a karo na uku ba.

Bayanin majinyaci amana ne

Iyaka ta huɗu ta shafi sirri da mallaka. Abin da mace ta faɗa wa ungozoma a bayan labule, yanzu yana iya zama layi a cikin rumbun bayanai da ba ta san inda yake ba. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutum a 2017 tare da hukumar da ke kula da ita, HAPDP, kuma yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a 2014, ta fara aiki a 2023. Doka abu ne mai kyau, amma yardar da aka nema da Faransanci daga wadda ba ta ji shi, aka karɓa da dangwalen yatsa, sunanta kawai yarda. Kano ta nuna tsadar wasa da wannan. A lokacin sanƙarau na 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara kimanin 200, iyaye suka yi ƙarar cewa ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta, aka sasanta da gwamnatin jahar a 2009. Wannan tabo na cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Yarda in ta zube, ba ta kwasuwa duka.

Akwai kuma dogaro. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar lantarkin da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na abin da take amfani da shi, har zuwa farkon 2024. A farkon 2025, da Amurka ta dakatar da agajinta na waje, shafin FEWS NET mai hasashen yunwa ya rufe na tsawon watanni, kuma shirin binciken lafiyar iyali na DHS, wanda ƙasashe da yawa suka dogara da shi wajen sanin mutuwar yara, ya tsaya a lokacin. Ƙasar da idonta ke hannun wani, ranar da ya juya baya sai ta lalube. Ɗaukar nauyin ƙidaya, da horar da ƴan ƙasa masu iya gina ƙira da gyara ta, da ajiye rajistar takarda a matsayin madogara, duk suna cikin haƙƙin majinyaci a kan hukuma.

Kammalawa

Amsar da ta fi kusa da adalci ita ce lissafi ya zauna a matsayin mashawarci, hukunci kuma ya tsaya a hannun mutum mai suna wanda za a iya tambaya. Mashawarci nagari ana sauraronsa, kuma wanda ya yi watsi da shawararsa ba dalili shi ma ya ɗauki alhaki. Amma mashawarci ba ya sa hannu a madadin shugaba, ba ya kuma zuwa gaisuwar mutuwa. Wannan matsayi yana da sharuɗɗa: a bayyana ƙa'idar rabo da harshen da jama'a ke ji, a ba ma'aikaci damar saɓa wa allo in ya rubuta dalilinsa ba tare da tsoron horo ba, a gwada kowace manhaja a ɗakin da za ta yi aiki kafin a yaɗa ta, kuma bayanan da ƙauye ya bayar su dawo masa ta hanyar da zai gane, ya ga abin da aka yi da su.

A nan malamai da ƙungiyoyin al'adu suke da aikin da injiniya ba zai yi musu ba. Su ne za su iya samar wa waɗannan abubuwa sunaye na Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, domin mutum ba ya gardama a kan abin da ba shi da sunansa. Su ne za su iya sa rajistar haihuwa da ta mutuwa ta zama al'ada kamar suna da sadakar uku, tunda yaron da ba a rubuta ba, ba a aiko da maganinsa. Kuma a aji, tun daga darasin kashi cikin ɗari, ana iya koya wa ɗalibi ya yi wa kowace lamba tambaya uku: wa aka ƙidaya, wa aka bari, wa ya yanke iyakar? Ɗalibin da ya saba da waɗannan tambayoyi, ko ya zama majo a gidan likitan ƙauye ko darakta a Yamai, zai yi aiki da kwamfuta ba tare da ya miƙa mata abin da yake nasa ne ya ɗauka ba.